Safa Uku a Tankin Gimbiya

Allurar mai ta haura can sama, ta yi rawa, ta faɗo ƙasa warwas. Maigidan ya dafe ƙirji.

"Ka gani ko? Jiya na cika ta!"

Mama tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, tana kallon mijinta da makaniken da ya kira. Motar ja ce, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa, in za ka shiga sai ka durƙusa mata. Gimbiya yake kiranta. Sati uku ke nan Gimbiya ba lafiya, gidan kowa ya shiga taitayinsa.

Sati ukun nan kuma Mama take neman ya zauna su yi maganar Auta, ɗansu mai shekara goma sha tara. Idanunsa sun yi ja, ba ya cin abinci, rigarsa warin fetur take yi. Ta san shaƙa yake yi, abin yana cin ranta. Da ta buɗe baki sai maigidan ya ɗaga hannu: "Bari tukuna, ina sauraron inji."

* * *

Makaniken ya canza fiyus, allura ta ci gaba da rawarta. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya hura musu iska. Har mari ya kai wa gilashin mitar.

"Kai! A hankali, ba jaki ba ce!" in ji maigidan.

"Yallaɓai, saura tanki. Akwai wata 'yar roba da ke yawo a kan mai, ita ke gaya wa allura gaskiya. In wani abu ya riƙe ta, dole allura ta yi ƙarya."

Ya buɗe tankin, ya zura waya mai ƙugiya, ya yi ta lalube da harshe a waje. Can ya jawo wani baƙin abu yana ɗiga. Ya sake zurawa, ya jawo na biyu. Na uku sai da ya yi gardama kafin ya fito.

"Safa," in ji makaniken. "Yallaɓai, motarka ƙafa gare ta?"

Mama ta gane su. Ita ta saya wa Auta. Ta matso kusa da mijinta.

"Na Auta ne. Yana ɗaura su a zare ya tsoma a tanki, ya jawo ya shaƙa; waɗannan kuɓuce masa suka yi. Abin da nake ta so in gaya maka ke nan."

Makaniken ya daina dariya, ya sunkuyar da kai yana goge hannu. Maigidan ya daɗe yana kallon safar. Mama ta ce a ranta, yau dai ya ji.

"To," ya ce a hankali, "ba su taɓa famfon mai ba dai ko?"

"Ba su taɓa ba, yallaɓai."

"Alhamdu lillahi!"

* * *

Kafin la'asar an kawo murfin tanki mai makulli. Maigidan ya kulle, ya jijjiga, ya sa makullin a aljihu. Allura ta tsaya cak a sama, ya fita gwaji yana fito.

Mama ta wanke safar sau uku, warin bai fita ba. Tana shanya su a bayan gida ta hango Auta tsugune kusa da janareta, takalmi a ƙafa ɗaya, yana cire safar ɗayar.