Yadda Dutsen Endel Ya Samu Suna

Gwaggona Hilkka ta haura hamsin kafin ta auri Endel, wani kafinta ɗan Estoniya, ta kawo shi ƙauyenmu, Kuikkajärvi. Sunan tafkinmu ne ƙauyen ya ara, tafkin kuma ya ara daga tsuntsun da ke nutso a cikinsa.

Endel na jin Finlanci, harshenmu, amma ƙarshen kalmomi kan kayar da shi. A wurinmu, mazaunin ƙauyen cewa yake "Kuikkajärvellä". Wanda ya ce "Kuikkajärvessä" kuwa, cikin ruwan yake tsundum.

Ranar Lahadinsa ta farko, muna shan kofi bayan coci, tsoho Urpo maƙwabcinmu ya tambaye shi inda ya sauka.

"Kuikkajärvessä," in ji Endel, yana murmushi.

Urpo ya ajiye kofinsa, ya dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah. Ga rigarka kuwa a bushe. Ya mutanen gidan, su kifi?"

Dariya ta ɓarke. Da Gwaggo ta raɗa wa Endel ma'anar abin da ya faɗa, shi ya fi kowa darawa.

"To, Baba Urpo, me ya sa ake ƙarasa sunan ƙauyen gaba da 'ssa', naku kuma da 'lla'?" in ji Endel.

"Haka kakanninsu suka ga dama. Mutanen can dama a juye suke."

Daga nan suka ƙulla abota. Duk bazara Urpo na ɗaukar sa a kwalekwale yana nuna masa wurare: wannan Tsibirin Akuya, wata akuya ce ta taɓa maƙalewa a kai, wancan Mashigin Fasto, sai dai ba wanda ya tuna laifin faston.

"Wancan dutsen fa?" Endel ya nuna wani falalen dutse a bakin ruwa.

"Ba shi da suna. Ba abin da ya taɓa faruwa a kansa."

Kafin sanyi ya shigo, Endel ya hau dutsen da ƙugiyarsa. Wani ƙaton kifi ya fizge shi, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa a gaban masu tsintar 'ya'yan itace. Ya fito ba hula, ba kifi.

Yau kowa Endelinkivi yake cewa, wato Dutsen Endel, har yaran da ba su san dalili ba. Duk baƙon da ya zo daga Estoniya, can Endel ke fara kai shi, kuma kullum in yana ba da labarin, kifin sai ya ƙara girma.