Hujjar da Nasrullah Ya Nema

Tun da matarsa Aliya ta rasu wurin haihuwa, Nasrullah ya daina salla. Surukinsa Alfa Iddi ya taso daga unguwar Moshi Zango, ya same shi a garejinsa na Suame Magazine, unguwar makanikai, yana kwance injin wata motar haya, tirotiro.

"An ce ka ce babu Allah," in ji tsohon.

Nasrullah ya goge hannu, ya ba shi benci. "Baba, ban ce babu ba. Ku kuka ce akwai, ku ya kamata ku kawo hujja."

Alfa ya zauna a bencin.

"Ka yi gaskiya, ɗana, a kaina take. Amma ba ni da wadda zan ɗora maka a tafin hannu. Ni ma ranar da muka binne ta na yi tambaya. Na dai ga ba zan iya ɗaukar rashinta ni kaɗai ba."

Nasrullah ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Har yau bai koma salla ba. Amma kowace Juma'a shi yake kai Alfa masallaci a babur, ya jira shi a ƙofa, su koma gida suna gardamarsu.