Likitar Ɓeraye

Ramla ta dawo Katsina da digirin dakta, bayan shekarun da ta kwashe tana nazarin ƙirar wasu furotin a jikin ɓera. Cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai siraran zaruruwa, sunansu aktin, su ke ba ƙwaya siffa da motsi. Furotin ɗin Ramla su ne masu yanke zaruruwan nan da ƙulla su. Haka ta yi wa dangi bayani a gidansu na Ƙofar Sauri, har da zane a iska. Duk tsawon jawabin, kalma ɗaya suka tsinta: ɓera.

Washegari sai ga kawunta Alhaji Lado, mai sayar da hatsi a Batagarawa.

"Ɗiyata, kin zo a kan gaɓa. Ɓeraye sun gama mani da gero."

"Kawu, ni ba kashe su nike ba. Abin da ke cikin jikinsu nike dubawa."

"To ai gerona ne a ciki. Tashi mu tahi."

Ba a musu da kawu, ta bi shi tana cika tana batsewa. Suna shiga sito, wani ɓera ya fyallo daga bayan buhu. Ƙartin da ke wurin suka watse. Ita kuwa hannun da ya saba da aikin ɗakin bincike ya riga tunaninta, sai ganin ɓera ta yi yana reto a yatsunta.

"Allahu Akbar!" in ji Alhaji. "Kun ga amfanin boko?"

Shi ke nan, suna ya tafi. Hajiyoyin unguwar manya ta GRA da ba su taɓa tambayar lafiyarta ba suka dame ta da waya.

Ranar da jami'a ta shirya mata lacca, zaure ya cika har tagogi. Ramla ta ji ƙwalla ta taru mata, ashe dai garinsu na son ilimi! Ta nuna hoton furotin a nannaɗe kamar taliya, ta yi bayani har muryarta ta dishe.

Da aka zo tambayoyi, wani dattijo ya gyara babbar riga ya miƙe.

"Dakta, Allah ya ƙara basira. Shi wanga furotin, a tuwo ake sa masu ko a kifi?"

Ta dubi zauren. Kowa, har da malaman jami'a, ya miƙo wuya yana jira.

"Baba," ta ce, "ku nemi kyanwa."

Tun da take, ba a taɓa yi mata tafi irin na ranar ba.