Suwahilin Badaru Mahauci

Da aka sallamo sojojin yaƙin Boma, 'yan ƙasar Batsari da suka dawo da rai kusan kowa ya zo da ɗan Turanci a baki. Wasu suka samu aikin masinja a Katsina, wasu suka shiga ɗan doka. Badaru mahauci kuwa da Suwahili ya dawo, ya koma rumfarsa ya ci gaba da fawa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a wani asibitin soja a Indiya. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani baƙin mutum daga gabashin Afirka, ana ce masa Hamisi. Ba mai jin maganar wani. Ran nan aka kawo abinci, Badaru ya laluba kwano, ya ce, "Yau ma ba nama." Hamisi ya tashi zaune, ya ce, "Nyama?" Suka dubi juna, suka fashe da dariya. Daga ranar suka shiga tonon kalmomi: wannan ya ce labari, wancan ya ce habari, wannan ya ce sabulu, wancan ya ce sabuni. Kafin a raba su Badaru yana iya doguwar hira, har da ba'a.

A kasuwa abokan fawa suka sa shi gaba. "Kowa ya koyo yaren da ake samun aiki da shi, kai ka koyo na aljanu. Da wa za ka yi shi?"

"Da bakina," in ji Badaru. "Daɗi yake mini."

Amma yare ba ya zama a bakin mutum ɗaya. Da ya ga kalmomin sun fara zille masa, sai ya lallaɓi matarsa Hansai. Da fari ta ce tana da aikin yi. Sai dai in ta dawo daga rijiya ya ce mata "pole", ya ce sannu ke nan, amma irin wadda ake yi wa wanda ya sha wahala. Kalmar ta shige ta. Kafin kaka ta iya ƙirga, ta iya kiran ruwa da wuta da gishiri, har tana gyara masa in ya yi tuntuɓe.

Suka mai da Suwahilin abin gulmarsu. Inno, mahaifiyar Badaru, tana da nauyin hannu wajen gishiri, kuma ba mai iya faɗa mata. In ta yi miya sai Badaru ya ɗaga kai ya ce, "Cumbi," wato gishiri, Hansai ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Wata rana Inno ta ɗanɗana miyar Hansai, ta ajiye ludayi, ta ce, "Ke 'yar nan, yau taki ce ta yi cumbin."

Ana nan sai labari ya zo cewa wani Alhaji Mati na Safana ya dawo daga Makka ta ƙasa bayan shekaru, kuma wai ya zauna gida ɗaya da Suwahilawa. Badaru ya bar wa ƙanensa rumfa, ya ari keke. Damina ce, rabin hanyar shi ya ɗauki keken.

Ya tarar da Alhaji a zaure, aka gaisa aka daɗe. Sannan Badaru ya gyara murya ya zuba masa Suwahili.

Alhaji ya yi murmushi. "Ɗana, yi haƙuri. Ni ban iya ba. Maƙwabtaka kawai muka yi."

Badaru ya matso kusa. "Baba Alhaji, ko kalma ɗaya ba ka riƙe ba?"

Tsohon ya ja carbinsa. Ya ce akwai wani dattijo a cikinsu da matarsa, ita ba ta gani sosai, shi ke riƙe hannunta wajen ɗawafi. Duk sa'ad da zai miƙa mata ruwa sai ya ce, "Mwenzangu."

Badaru bai taɓa jin kalmar ba. Ya sa Alhaji ya maimaita, ya kuma maimaita, ya kamo hanya washegari yana ta nanata ta kada ta faɗi.

Hansai na sussuka a tsakar gida ya shigo, taɓo har gwiwa.

"Malam, kun sha hirar?"

"Bai iya ba. Amma na yo miki tsaraba." Ya faɗa mata kalmar da labarin dattijon. "Ƙarshenta na sani, 'nawa' ke nan ko 'tawa'. Farkon ne ban sani ba. Hamisi bai koya mini ba."

"Yo ina zai koya maka, kuna kwance cikin maza zalla?" Ta jingine taɓarya, ta gwada kalmar a hankali, ta sake gwadawa. "Ni na gane ta."

"Me take nufi?"

Ta ɗauko moɗa. Ta ɗebo ruwa a randa, ta durƙusa ta miƙa masa, ta ce, "Sha, muwanzangu," wato abokin zamana.

Inno daga bakin ɗakinta ta ce, "Wannan kuma wa ake zagi?"

"Ba kowa, Inno," in ji Badaru, ya kafa kai ya shanye.