Motocin Da Baba Bai Ji Ba

Shekara uku ke nan da idon Baba ya rufe, amma a ƙauyenmu da ke bayan Bagwai ba ka jin an ce masa makaho, don kunnensa ya karɓi aikin. Yana zaune a zaure sai ya ce, "Ga babur ɗin Mati nan, har yau bai ɗaure sarƙarsa ba." Can sai ka ga Mati ya ɓullo ta tsakanin gonakin dawa. Mutane sun ɗauka raha ce kawai ta Malam Nababa. Ni Bara'atu, 'yarsa ta fari, da na dawo gida ina kula da shi tun rasuwar mijina, na san kunnen nan shi ne abin da ya rage masa.

Ƙannena biyu, Abdulmumini da Khalilu, suna Kano suna sayar da taki da iri, Allah kuma ya buɗa musu. Tun suna yara gasa suke, ko fura aka dama sai sun ga wanda zai riga shanyewa. Gemu ya fito, halin bai tafi ba. Bana kowannensu ya sayi ƙatuwar jif irin ta alfarma, wadda ke shan fetur kuma ana jona ta a wuta kamar wayar hannu. Ta Abdulmumini baƙa, ta Khalilu fara.

Ranar Asabar da hantsi suka zo gaida Baba. Ina cikin gida ina tankaɗe, ban ga isowarsu ba, muryarsu kawai na ji a zaure. Da na fito da ruwa na tarar da Baba yana laluben hularsa, shi da kullum baƙo ke samunsa a kintse.

"A ƙafa kuka zo?" ya tambaye su.

"A mota, Baba," in ji Khalilu. "Ga su nan har biyu a ƙofar gida."

Baba ya sa hularsa ya sunkuyar da kai. Su kuwa ko a jikinsu, gaisuwa na ƙarewa suka dasa musu. Abdulmumini ya ce tasa daga tsaye zuwa gudun kilomita ɗari daƙiƙa biyar take yi, don injin da batirin tare suke tunkuɗa ta. Khalilu ya yarda tasa sai ta kai shida, amma ya ce batirinta ya fi jimawa, kuma in ta shiga rami ko shayin da ke hannunka ba zai zube ba. Na ce musu hanyar da awaki ke tsallakawa duk taku goma, ina za su kai daƙiƙa ɗaya? Suka yi mini dariya, wai ban san mota ba. Daga nan suka fita gwadawa a titin Shanono, ni na koma wajen tukunyata.

Bayan azahar na kawo wa Baba tuwo na tarar sun dawo, suna gindin darbejiya suna ci gaba da cacar baki. Baƙar ce ta riga, farar kuma wai ta fi daɗin kwana. Baba ya ture kwanon ya ce in kai shi ɗaki. Tun da nake bai taɓa barin zaure da rana tsaka ba.

Sai da na zaunar da shi a bakin gado ya riƙe hannuna.

"Bara'atu, kunnen ma ya fara tafiya."

"Haba Baba, ga shi kana ji na."

"Ke kina kusa. Haka idon ya fara, na kusa ina gani, na nesa ya ɓace. Da safe na ce ko gyangyaɗi na yi. Wannan karon kuwa kasa kunne na yi ina jiran dawowarsu. Mota biyu manya har bakin zaure, ban ji komai ba sai da suka rufe ƙofa." Ya ƙara matse hannuna. "Kada ki gaya musu."

Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na fita da niyyar in saɓa masa, in ce su ɗauke shi zuwa asibiti a Kano yau ɗin nan. Ina fitowa sai ga farar motar tana ja da baya tana neman inuwa, saura kaɗan ta taka mini ƙafa. Wannan ƙatuwar aba tana tafiya, amma ban da ɗan zuu kamar na sauro babu abin da ke fita daga cikinta.

Na daki gilashin. "Khalilu, me ya sami motar nan ba ta ƙara?"

Ya washe baki. "Ai a lantarki take, Yaya. Da gangan muke ajiye cajin sai za mu shigo gari, don mutane su ga ikon Allah."

Ban san lokacin da na fara zazzaga musu faɗa ba. Na ce sun iya ƙirga daƙiƙa, sun kasa duban fuskar ubansu. Da na gaya musu abin da Baba ya ce, Abdulmumini ya cire tabarau ya sunkuyar da kai, Khalilu kuwa har idonsa ya kawo ruwa. Suka shiga suka yi wa Baba bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Mota babu ƙara," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, amma ba a yi mini wayon yara."

Na ce to su koma har bakin kwalbati, wajen kilomita guda daga gida, su kunna injin fetur su taho. Da ƙyar na lallaɓa Baba ya fito zaure. Ya zauna ya karkata kai, hannunsa a wuyan hannuna, sanyi ƙalau. Ni ba na jin komai sai kukan kurciya da wata mata da ke daka a maƙwabta. Na shiga addu'a a zuci.

"Sun taso," ya ce a hankali.

Sai da aka ɗan jima ni na jiyo.

"Na gaban Khalilu ne. Ƙafarsa ba ta da haƙuri, yana takawa yana saki. Abdulmumini na baya, ya rage gudu a wajen ramin gonar liman."

Motocin suka ɓullo daga cikin dawa, sai gabana ya faɗi. Baƙar ce a gaba, ta Abdulmumini. Na fara shirya ƙaryar da zan yi masa, ina neman gafarar Allah tun kafin in faɗe ta.

Baƙar ta tsaya, ƙofa ta buɗe, Khalilu ya fito. Ashe ko a wannan hali sai da suka yi musanya a bakin kwalbati, kowa yana son ya ɗana ta ɗan'uwansa. Ban taɓa gode wa Allah a kan shirmen yaran nan ba sai ranar.

"Na faɗi daidai?" Baba ya tambaya.

"Daidai ne, Baba. Har motar suka sauya, ba su ɓace maka ba."

Ya saki hannuna ya shafa fuskarsa, ya yi hamdala sau uku. Su biyun suka durƙusa a gabansa suna ba shi haƙuri. Ya lalubo kan kowannensu ya dafa.

"Ku tashi," ya ce. "Ku ƙara komawa, wannan karon har gaban kwalbatin. Ina so in sake ji."