Ɗaga Hannunka, Na Allah

Na Allah Gambo ya yi shekaru yana karate, irin wanda ake jibgar juna har sai ɗaya ya durƙusa, kuma duk faɗin Tasawa ba a sami wanda ya durƙusar da shi ba. Sai fari ya zo. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, ɗalibansa suka watse cin rani, soja kuma suka mai da ɗakin atisayensu ma'ajiyar hatsin taimako. Ya koma ƙauyensu Maijirgi da baƙar ɗamararsa ta karate a ninke, mutane suna ba shi shawarar ya bi sahu zuwa Kano ya yi ga-ruwa. Maganar nan tana ci masa rai ba kaɗan ba.

Ana haka sai Maman Sani ya dawo ganin gida. Mutumin Mayahi ne da ya daɗe a Abijan yana horar da 'yan kikboksin, damben hannu da ƙafa da ake yi da safar hannu, wanda mutum ke ci da iyalinsa da shi. Ya ce mutum ɗaya tak zai tafi da shi: ko Na Allah, ko Ƙadri, wani mahauci ɗan dambe na garin Gidan Amumune. Wanda ya ci wasa shi zai hau mota.

Ranar gwaji aka ga inda matsalar take. A karaten su Na Allah ba a naushin fuska, saboda haka hannuwansa sun saba zama a ƙirji. Maman Sani, da tumbinsa da furfurarsa, ya shashshara masa mari yana dariya.

"Wagga huska taka ta aro ce? Ɗaga hannunka!"

Kunya ta kama Na Allah har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya koma gida ya cika buhun gero da rairayi, tunda geron babu, ya rataye a reshen gawo yana ta shuri. Ƙafa kam ba ta da laifi. Amma da ya ɗaga ta sai hannu ya sauka da kansa.

Matarsa Zara'u ta gaji da kallo. Ta ɗauko muciya, wadda da ma ta kwana biyu ba ta ga tukunya ba, ta tsaya gefensa.

"Maigida, ka yi mini gahwara tun yanzu."

"Mi za ki yi?"

Bai rufe baki ba ya ji ƙwal a kunne. Tun daga ranar, duk saukar hannu da muciyarta. Maƙwabta suna leƙe ta darni suna sheƙa dariya, wai gwarzon Tasawa mace ke duka. Ya toshe kunnuwansa, kumburarru da su, ya ci gaba da shuri da kunun dusa a ciki.

An yi wasan a Mayahi bayan la'asar, da izinin hukuma, soja a kujerun gaba. Ƙadri bai ɓata lokaci ba. A zagayen farko Na Allah ya kai shuri, tsohon hali ya dawo, naushi ya same shi a muƙamuƙi, sai ga shi zaune a ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Tsoro ya shige shi sosai. Ya hango kansa da garwa biyu a titin Kano, ya miƙe.

Daga nan ya manne safofinsa a kumatu ya ƙi saki. Ƙadri yana ta luguden hannuwan nan, kafaɗun Na Allah suna zogi kamar ya wuni yana noma, idon hagu ya rufe. Shi kuwa cinyar Ƙadri ɗaya ya sa wa ido, yana saran ta da ƙwauri wuri guda, ya sake, ya sake. A zagayen ƙarshe ƙafar mahaucin ta ƙi ɗaukarsa. Ya yunƙura, ya koma, ya girgiza kai.

Fili ya kaure da ihu. Alƙalin wasa ya zo ɗaga hannun wanda ya ci, ya tarar hannun yana sama tuntuni, ya ƙage a wurin. Sai da Maman Sani ya kama shi da ƙarfi ya sauke.

"An gama, ɗan'uwa. Asabar za mu tahi."

Na Allah ya gyaɗa kai. Hawaye ne kawai ke zuba daga idon da ya rage, kuma bai iya ɗaga hannu ya share ba.