Adireshin Da Ta Buga Da Hannunta

Malama ta yi rayuwarta tana koyar da lissafi, kuma ko bayan ta ajiye alli ba ta daina son ƙa'ida ba. Da ɗanta ya kawo musu kwamfuta ya girke ta a kan teburin falo, ƙa'ida ɗaya ya bar mata: kada ta latsa duk abin da aka aiko mata a saƙo, ta riƙa buga adireshi da hannunta. Kowa ma haka yake cewa, har a rediyo. Ta riƙe maganar gam. Da wannan kwamfutar take sayen maganin mijinta, Injiniya, wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa. Ƙwaya ce ƙarama da ke hana jini daskarewa, yana shan ta kullum da safe. Likita ya ce mata idan aka yi wasa da ita ciwon zai dawo, kuma na biyu ba ya sallama.

Ranar da abin ya fito fili, ƙanwarta Auta ce ta biyo ta gidan kafin ta wuce ofis, inda take kula da kwamfutocin ma'aikata. Ta tarar da Injiniya a kujerarsa, sanda a jingine.

"Angona, har yanzu ba a tashi an yi tsere ba?"

"Ki bari in warke," in ji shi. "Ke zan fara kamowa, in mayar da yayarki gidansu."

Malama na gaban kwamfuta, ta buɗe shafin kantin magani. Auta ta leƙo ta kafaɗarta tana dariya, sai dariyar ta tsaya.

"Yaya, tun yaushe wannan kantin ya fara tallar maganin ƙarin ƙiba?"

"An kwana biyu. Sun canja fasali."

Auta ta ciro wayarta, ta kashe haɗin intanet na gidan ta koma kan layinta, ta buga adireshin nan dai, harafi da harafi. Ta ɗora wayar kusa da allon. Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma na wayar ba talla, kuma lambar kiran da ke ƙasa daban ce.

"Ni na buga da hannuna," in ji Malama. "Ban latsa komai ba. Duba, ko ɗigo ban ɓata ba."

"Na gani. Matsa min."

Auta ta zauna, ta bar jakarta ta zame ƙasa. Ta shiga saitin haɗin intanet, tana buɗe taga bayan taga, tana magana ƙasa-ƙasa don kada Injiniya ya ji.

"Kwamfuta ba ta san suna ba, Yaya, lamba ta sani. Idan kin buga suna, sai ta tambayi wani ɗan jagora, ina gidan wane? Shi zai nuna mata ƙofa. Akwai cutar kwamfuta da ba ta goge komai, ba ta rage gudu, jagoran kawai take canjawa. Ki faɗi sunan daidai sau dubu, ƙofar ɓarawo zai kai ki."

"To a ina ake ganin jagoran?"

"Nan."

Akwati ne ɗan ƙarami a kan allon, mai gurbi biyu. Auta ta ce a irin haɗinsu ya kamata guraben su zama wayam, kamfanin da ke ba su intanet ne ke cike su da kansa. Ba wayam suke ba. Lambobi ne zaune a ciki, tsaf, kamar wani ya shigo falon ya ja kujera ya rubuta su.

"Ke kika sa waɗannan? Ko ɗanki?"

"Ni ban ma san da wurin ba."

Auta ta kwafi lambobin a wayarta ta bincika mai su. Ba kamfaninsu ba ne. Wani ne can a wata ƙasa, kuma mutane da yawa sun riga sun yi kuka da shi.

Malama ta waiwaya ta dubi labule, ta dubi ƙofar da ta kulle da kanta, ta dubi ƙyallen da take rufe kwamfutar da shi. Komai na nan inda yake.

"Allon bai taɓa yi miki gargaɗi ba? Jan rubutu, cewa shafin ba amintacce ba ne?"

"Ya yi." Malama ta nuna allon. "Na duba adireshin sau biyu, na ga daidai yake. Na ce to kwamfutar ce ba ta da lissafi. Na wuce."

Auta ta juyo ta fuskance ta.

"Me kika saya ta nan?"

Malama ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalin da wani mai babur ya kawo a farkon wata. Ta zazzage aljihun madubi har ta samo tsohon kwali wanda ya ƙare. Ta jera su a kan tebur. Launi ɗaya. Sai dai rubutun sabon ya ɗan yi kauri, kuma da ta goga babban yatsa a kan ranar lalacewa, tawadar ta biyo yatsan.

Auta ta kira lambar da ke shafin gaskiya. Mai kantin ya ɗauka, ya nemi sunan majinyacin, aka ji yana buga madannai.

"Baiwar Allah, rabonku da saye a wurinmu tun watan jiya. Na ma ɗauka kun canja kanti. Kada ya ƙara shan ko ɗaya. Ku tafi da shi asibiti yanzu, ku riƙe kwalin."

"To mene ne a ciki?" in ji Auta.

"Wallahi ban sani ba. Ƙila alli ne, ƙila abin da ya fi alli muni."

Malama ta juya. Injiniya ya daina kallon talabijin, su yake kallo.

"Ku biyu kun haɗa kai kamar masu shirin juyin mulki. Mene ne?"

"Baban yara, ka sha na yau?"

"Ke kika ba ni da hannunki."

Haka ne. Ita ta ɓallo ƙwayar, ita ta miƙa ruwa, ita ta tsaya a kansa har ya haɗiye, domin ba ta yarda da shi a kan magani ba.

"Ɗaga min hannuwanka duka biyu."

"Yau kuma jarrabawa ce?"

"Ɗaga, don Allah."

Ya ɗaga. Na dama ya tsaya. Na hagu ya yi sama, ya ɗan yi rawa, ya fara sauka a hankali. Malama ta kasa tuna ko jiya ma haka yake. Kullum tana ganin hannun nan, tana wanke shi, tana yanke masa farce, amma yanzu ta rasa inda ya saba tsayawa.

"Yi min murmushi."

"Ki ba ni dalili."

Ya yi dai. Ta ƙura wa kusurwar bakinsa ido har idonta ya kawo ruwa, ba ta iya yanke hukunci ba.

Auta ta fizge wayar haɗin daga bayan kwamfutar, ta ce za ta dawo ta wanke kwamfutar tas, a canja duk kalmomin sirri, har na akwatin da ke kawo musu intanet, domin cutar kan shiga can ma. Malama ba ta ji rabin maganar ba. Ta cusa kwalayen biyu a jaka, ta durƙusa tana sa wa mijinta takalmi, igiyar na kuɓuce mata.

"Auta, sauka ki kawo motar bakin ƙofa."

Suka fito kan matakala. Hawa biyu ne zuwa ƙasa. Malama ta shiga ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya ɗora mata nauyinsa, ya sa sanda a matakin farko.

"Yi min magana," ta ce. "Kada ka yi shiru."

"Me zan ce?"

"Komai. Faɗi sunayen yaran, daga babba."

Ya fara. Ta kasa kunne, ba ga sunayen ba, sai ga yadda harshensa ke ɗaukar su.